Inda Suka Sa Mini Gado

Da aka sako ni, ba Zurmi aka kai ni ba. Kaura aka kawo ni, gidan kawuna, ƙanen mahaifiyata, domin tun ina daji iyalina suka kwashe kaya suka dawo nan. Ni malamin firamare ne. Wata safiya a kan hanyar Zurmi zuwa Kaura ɓarayin daji suka tare motarmu, suka kora mu gaba kamar shanu, na zauna a hannunsu daga ƙarshen bazara har gero ya fara fitar da kai. Abin da ya faru a can na bar shi can. Labarin ɗakin da na tarar zan bayar.

Kawu ya ba mu ɗakuna biyu a bayan gidansa. Ɗaya na Inna, mahaifiyata, ita da ɗiyata ƙarama. Ɗayan na matata, kuma nan aka shigar da ni. Ciki ɗaya ne, rufin kwano, babu silin. Ƙofarsa tana bangon arewa, can wajen kusurwar gabas, taga kuma tana bangon kudu, tana kallon wani lungu da awaki ke kwana. Duk abin da ya cika mana ciki da falo a Zurmi an cusa shi a nan: kabet ɗin da matata ta jera kwanukanta da tangaran, dogon madubinta, akwatuna, kwalayen littattafaina, buhun gero da na wake. Gadon na ƙarfe ne, tsohon gadon Kawu. Na matata na katako, wanda aka kawo ta da shi, ban gan shi ba. Ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

An jingina gadon da bangon ƙofa, kansa dab da ita. Idan ka kwanta, duk mai shigowa ta bayan kanka zai ɓullo.

Ba na barci. Ba wai ina mafarki ina firgita ba, kamar yadda masu zuwa jaje suke zato. Kawai ba ya zuwa. In kwanta in ji kiran assalatu, in tashi in yi alwala. Da rana a shimfiɗa mini tabarma a gindin bedi, mutane su zo, su ce barka da arziki, in ce alhamdu lillahi, su ce Allah ya kiyaye gaba, in ce amin. Wasu su yi kuka. Ina kallon bakinsu yana motsi. Ɗiyata ta zo ta hau cinyata, in riƙe ta don kada ta faɗi. Na san ɗiyata ce, na san ya kamata in ji wani abu, amma abin da nake ji shi ne nauyinta a ƙafata.

An kai ni asibiti, aka ba ni ƙwayoyi. Suna sa jikina ya mutu, idona kuwa a buɗe. Inna ta karɓo rubutu wurin wani malami a unguwar, kullum da safe ta tsaya a kaina sai na shanye. Ina sha. Duk abin da aka miƙo mini a lokacin ina karɓa.

Ana cikin haka autarmu ta zo daga Shinkafi. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a can, kuma tun tana yarinya bakinta ba ya hutawa. Ta shigo da hijabinta ya sha ƙurar hanya, ta gan ni, ta durƙusa ta yi kukanta ta gama, ta share ido, ta ci tuwo. Kashegari da hantsi ta leƙa ɗakin don ta ɗauki caja. Sai na ji ta yi shiru a ciki, abin da ba halinta ba. Can ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Yaya, nan kake kwana?"

Na ce nan ne.

"To ai dole. Ko ni da ba abin da ya same ni, ba ni iya barci cikin wanga ɗaki."

Matata tana wanke-wanke, ta ɗago ta dube ta. Auta ta yi sauri ta ce, "Anti, ba ƙazanta nake nufi ba, wallahi. Tsarin ne."

Ta ciro wayarta ta zauna kusa da ni. Ta ce akwai wata hikima ta mutanen Sin, tsohuwa, ta yadda ake shirya ɗaki don jiki ya huta, suna ce mata fen shuwi. A waya take kallo idan tana aikin jira babu mai haihuwa. Ta ce ta gwada a ɗakinta na Shinkafi, ta ga bambanci. Ta nuna mini wata mata tana zagaya wani ɗaki fari ƙal, mai faɗi kamar aji, tana nuna gado tana magana da Turanci. Na kalla har ya ƙare.

Inna na zaune a kan kujera 'yar tsugunne tana tsinkar zogale. Ta ce, "Mi kika ce sunan abin?"

"Fen shuwi, Inna."

"Shuwaka dai na sani. Ita aka ba mai jego."

Matata ta yi dariya, 'yar gajeruwa. Tun da na dawo ban ji ta yi ba.

Auta ta shiga lissafo dokokin. Kan gado ya jingina da bango mai ƙarfi, ba taga ba. Wanda ya kwanta ya riƙa ganin ƙofa ba sai ya juya ba, amma kada ƙafafunsa su miƙe su nufi ƙofar kai tsaye. Kada madubi ya kalli gado. Kada a tara kaya a ƙarƙashi, iska na son wucewa. Kada a ajiye ƙarfe mai kaifi kusa da mai barci.

Inna ta ajiye zogalen. "Wanga ba camfi ba ne kuwa? Kada ki jawo muna abin da za ya taɓa imani. Yaro ya fito daga wata masifa, ki sa shi wata."

Aka aika aka kira Kawu. Ya zo da carbinsa a hannu, ya saurara har Auta ta gama, sannan ya dube ta.

"Ke, kin ce gadon ke ba da barci?"

"A'a, Kawu. Allah ke badawa."

"Akwai wani abu da za ki karanta, ko ki turara, ko ki rataya?"

"Babu. Jan gado ne kawai da kwashe kaya."

"To ja ki gani. In bai yi amfani ba, an dai share ɗaki."

Sai duk suka juyo gare ni. Matata ta ce, "Malam, a yi?"

Na ce duk yadda suka gani.

Washegari bayan an karya aka fara. An fito da komai tsakar gida, sai kabet da gado. Ni aikina ɗauka ne: a ce kama nan, in kama, a ce ajiye, in ajiye. Na lura hannuwana sun rage ƙarfi, buhun geron da nake saɓawa ni kaɗai a da sai da Auta ta riƙe mini gindi.

Ƙarƙashin gado ya fi komai ɗaukar lokaci. Auta ta durƙusa tana jawowa tana miƙo wa matata: kwalin littattafai, tsohuwar fitila, takalman ɗiyata da suka yi mata kaɗan, tukunyar da ba ta da murfi. Sai ta jawo wata baƙar leda a ƙulle. Ta fara kwancewa, matata ta riƙe mata hannu.

"Bar shi. Kayan da ya dawo da su ne."

Ta juyo gare ni ba tare da ta dubi fuskata ba. "Na rasa yadda zan yi da su, Malam. In wanke, ko in yar? Na ce sai ka ce."

Na dubi ledar. Na san rigar da ke ciki, shuɗiyar shadda ce da na ɗinka da sallah, na san inda ta yage a kafaɗa. Na jira in ji ko ina son ta ko ina ƙin ta. Babu ko ɗaya. Na ce duk ɗaya ne.

Inna ta taso ta karɓe ledar ta fita da ita bayan gida. Jim kaɗan muka ji ƙaurin tsumma.

Abu na ƙarshe da Auta ta zaro, daga can jikin bango, adda ce. Sabuwa, an wasa ta, an naɗe bakinta da tsohon zane.

"Yauwa," in ji Auta. "Irin wannan nake faɗi. Ƙarfe mai kaifi ƙarƙashin mai barci. A kai ta kicin."

"A'a," in ji matata.

"Anti, ai dokar ce."

"Ki ja gado inda kike so. Ki kwashe kwanuka. Wannan tana nan."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi addar ta riƙe a jikinta. Auta ta ƙyale ta. Daga baya Inna ta gaya mini tun ranar da labarina ya iso Zurmi matata ta saya, kuma da ita take kwana, a can da nan. Mace ce da ko kaza ba ta iya kallon yankawa. Na ji wannan, na ajiye shi a kaina kamar yadda nake ajiye sunan sabon ɗalibi.

Aka shiga neman wa gado wuri. Da farko Auta ta sa muka jingina kansa da bangon yamma. Ta koma bakin ƙofa ta duba, ta ce ya yi. Inna ta leƙo.

"Ina ƙafafu sunka nufa?"

"Gabas."

"Alƙibla ke nan. Mutanen naki ba su faɗa maki ba a miƙe wa alƙibla ƙafa ba? Ku juya shi."

Muka juya shi, kai a bangon kudu, ta ɓangaren gabas. Yanzu taga ta zo daidai kan mai kwanciya, ƙafafu kuma sun miƙe sak zuwa ƙofa. Auta ta girgiza kai, ta ce wannan shi ne mafi muni a wurinsu, don haka ake fitar da wanda ya rasu. Inna ta kalli gadon, ta kalli ƙofar.

"Wannan kam sun yi gaskiya," ta ce. "Ban son shi haka. Ku ɗauke."

Wuri ɗaya ya rage, kusurwar kudu da yamma, kuma nan kabet yake. Shi kaɗai ne abin da ya rage wa matata cikin manyan kayan aurenta. Kwanukan a jere suke yadda 'yan uwanta suka jera mata tun ranar da aka kawo ta, ta kwaso su daga Zurmi ta sake jera su haka, manya a ƙasa, ƙanana a sama, tangaran masu fure a tsakiya. Babu wata kusurwa da za ta ɗauke shi idan gado ya shiga nan. Kowa ya gane haka, babu wanda ya faɗa.

Matata ta buɗe gilashin ta fara sauke kwanukan ɗaya bayan ɗaya, tana goge kowanne da gefen zanenta kafin ta ajiye. Auta ta ce, "Anti, ko mu bari?" Matata ta ci gaba da saukewa. Da ta gama, ni da Kawu muka ciccibi kabet ɗin muka kai ɗakin Inna, aka tura shi bayan ƙofa. Kwanukan aka zuba a kwali.

Aka ja gadon kusurwar. Aka share, aka goge simintin da ruwa. Madubin aka juya fuskarsa ga bango. Littattafaina da buhunan hatsi suka tafi zaure. Auta ta cire ƙusoshin da aka rataya jakunkuna a saman gado, ta canza labulen ƙofa da wani mara duhu da ta samo wurin matar Kawu. Ɗakin ya zama fayau: gado, akwati biyu, tabarma, buta. Addar matata ta sa ta a bayan akwati, inda hannunta zai kai. Auta ta gani, ta kau da kai.

"Yaya, zo ka kwanta mu gani."

Na cire takalmi na kwanta, su huɗu suna tsaye a kaina. Inna ta ce in juya ta dama. Na juya. Fuskata ta kalli gabas, Inna ta ce madalla. Bango yana bayana, wani bangon yana saman kaina, na ji sanyinsa a ƙeyata. Daga inda nake ina ganin ƙofa a karkace, da labule, da ɗan yankin tsakar gida, har da turken akuya. A daji babu bango. A fili muke kwana, kuma ta baya ɓarayin suke zuwa. Wannan tunanin ya zo ya wuce, bai taɓa ni ba.

"Yaya ka ji?" in ji Auta.

Na ce daidai.

"Daidai kawai?"

Na ce ya yi kyau, an gode. Na ga tana son fiye da haka, amma ban da shi.

Ta koma Shinkafi bayan kwana biyu, hutunta ya ƙare. Kullum sai ta bugo wa matata waya ta tambaya, kullum amsar ɗaya ce. Ban yi barci ba a daren farko, ban yi ba a waɗanda suka biyo. Bambancin da na lura da shi kaɗai shi ne na daina tashi zaune. Ina kwance ina kallon labule har gari ya waye. Inna ta ci gaba da kawo rubutu. Masu jaje suka ragu, har suka ɗauke.

Wata rana bayan azahar aka yi ruwa, ya ɗauke, gari ya yi lumshi. Ban fita gindin bedi ba saboda ƙasa ta jiƙe. Na kwanta a gadon da rigata. Matata ta ɗage labule ta zauna a bakin ƙofa, ta ba ni gefe, tana tsintar wake a faifai. Ina ganin hannunta yana kai da komo, ina jin ƙarar tsakuwa idan ta jefa ta cikin gwangwani. Ɗigon ruwa yana sauka daga bakin kwano. Abin da na sani ke nan.

Da na buɗe ido hasken ƙofar ya koma ja. Bakina ya bushe, hannuna na dama ya mutu. Gidan shiru, irin shirun da ban taɓa ji a gidan Kawu ba. Na fito na tarar da Inna zaune a tsakiyar gida da sanda a hannu. Ashe ta kore yaran gidan waje, ta hana matar Kawu daka, ta sa an ɗaure akuya a lungu. La'asar ta wuce ni, magariba ta kusa.

"Ba ku tashe ni salla ba," na ce.

"Ka rama," in ji Inna. "Allah ya san abin da Ya yi."

Matata ta kawo mini ruwa a kofi. Na sha, na yi alwala, na rama la'asar. Da aka gaya wa Auta a waya sai da na ji ihunta daga inda nake zaune. Ta ce ai ta faɗa. Inna ta karɓi wayar ta ce mata rubutu ne ya kama jiki, kada ta ɗauki alhakin malam ta ba mutanen Sin. Suka yi ta ja. Matata dai ta koma kan wakenta. Ni ban san wanda ya yi gaskiya ba, har yau. Ban ji farin ciki ba. Na dai ji yunwa, na ci tuwo malmala biyu.

Daga nan barcin ya riƙa zuwa, ba kullum ba, kuma ya fi zuwa da rana. A hankali ya koma inda ya kamata. Sauran abin bai dawo tare da shi ba. Ina ci, ina salla, ina amsa gaisuwa. Da aka koma makaranta aka mayar da aikina wata firamare a nan Kaura. Ina shiga aji, ina rubutu a allo, yara suna maimaitawa.

Bayan an yi girbi matata ta ce akwai sauran kaya a gidan Zurmi, musamman turminta, na nan ba ya yi mata daɗin daka. Kawu ya ce a aika direba. Na ce zan je. Suka dubi juna. Na shiga motar safe.

Gidan yana nan. Maƙwabcinmu ya ba wasu mutane aronsa, iyali ne da suka gudo daga wani ƙauye ta wajen Moriki. Maigidan dattijo ne, ya taso da sauri yana ba ni haƙuri, ya ce in ina son gidana za su tashi yau. Na ce su zauna. Ya kai ni ɗakinmu na da. Tabarmi ne a shimfiɗe bango zuwa bango, da ƙullin kaya a kusurwa, da wata tsohuwa kwance tana tari. A siminti ana ganin sawun ƙafafun gadon matata, ƙarƙashin taga, baya ga ƙofa. Shekaru na yi ina kwana a nan, har sai an girgiza ni da asuba. Na tsaya na duba, dattijon yana jira in ce wani abu. Na ce Allah ya ba tsohuwa lafiya.

Na ɗauki fitilar ƙwai da wata darduma, na yi musu sallama. A hanyar dawowa muka wuce wurin da aka tare mu. Akwai wata tsamiya a gefen titi, na gane ta. Direba ya ƙara wuta, motar ta yi tsit, wani yana salati ƙasa-ƙasa. Wata mata da ke kusa da ni ta miƙo mini dafaffiyar gyaɗa a leda, na ɗiba, na ɓare, na ci.

Na iso Kaura kafin la'asar. Matata tana bakin zaure, da alama ta daɗe a tsaye. Ta karɓi dardumar da fitilar.

"Sannu da hanya, Malam. Yaya gidan?"

"Yana nan. Akwai mutane a ciki."

Ta duba bayana, ta duba hannuna. "Turmin fa?"

Sai a lokacin na tuna. Na gan shi ma a tsakar gidan, wata yarinya tana daka a ciki. Na ce na manta.

"Bar musu shi," ta ce. "Shigo, abinci na hucewa."